Awa Goma Sha Biyu

Tun asuba Fure ta ƙi dusa,
sai kuka, sai shinshinar iska.
Ta hau bayan 'yar'uwarta,
da aka hau nata, ta tsaya cak.
Nonon safe ya ragu da ƙwarya guda,
ga yauƙi ƙarƙashin wutsiya kamar na kuɓewa.

Jininta ne ya kaɗa ƙararrawa,
bai nemi shawarar kalanda ba.

Na kira Dokta Morenike.
Wai tana Ketu, cunkoso ya riƙe ta,
irin bijimin na cikin tulun sanyi a bayan mota.

Nan Ikorodu rana ta karkata.
Fure, daure mini.
In yau ta kuɓuce,
sai bayan kwana ashirin da ɗaya,
kuma mai gona ni zai tambaya.