Mai Ɗakinsa Daban

A titin Wilson, tsakiyar Lima,
inda rana kan yi watanni ba ta leƙo ba,
Eleuterio Huamán ya jera kwamfuta uku a benci,
zai auna su da mudu ɗaya.

Zoraida ta zo da gida a filashi ɗan kamar yatsa,
gidan da ta zana wa malaminta na jami'a:
hawa biyu a gefen tsauni,
taga goma sha ɗaya, matakala mai lanƙwasa,
da inuwar da dole ta faɗi daidai ƙarfe huɗu na yamma.
Kuɗinta na cikin safa. Sau biyu ta ƙirga su a bas.

Ta farko tsohuwa ce, shekara goma da ɗoriya,
nauyi kamar dutsen niƙa.
Mai zanen cikinta yana da ɗakinsa daban,
da rumbunsa, da fankarsa,
da bututun tagulla mai kwashe masa zafi.
A zamaninta, in ji dattijon,
layi samari ke yi don su taɓa ta.
Ya danna. Gida ya fara juyi a allo,
fanka ta tashi da gurnani
har rasit ɗin da ke gefe ya motsa.
Lamba a kusurwa ta ce goma sha tara,
ta ce sha bakwai,
ta yi tuntuɓe a matakala.

Ta biyu siririya, ta bana.
Mai zanenta ɗan haya ne a ɗakin ƙwaƙwalwa,
kwano ɗaya suke ci, tabarma ɗaya,
duk abin hannunsa aro ne.
Irinsa Eleuterio ya yi shekara ashirin yana kushewa:
“Wannan na rubuta wasiƙa ne, 'yata, ba na gini ba.”
Ya danna da gefen yatsa.
Talatin da huɗu.
Shiru. Sai da ya kara kunne a jikinta
ya ji ko da gaske aiki take.
Inuwar ƙarfe huɗu ta sauka kan matakala, tsaf.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.
Ya sake dannawa. Talatin da uku.

Ta uku ba a daɗe a kanta ba.
Sabuwa ce, ita ma mai ɗaki daban,
tamanin da wani abu, gida na gudana kamar ruwa,
sai dai kuɗinta ya fi cikin safa uku,
kuma ana zare caja
batir ya fara yoyo kamar tulu mai huji.
Zoraida kuwa awa biyu take a bas
zuwa San Juan de Lurigancho,
kwamfuta a cinya, gwiwar wani a haƙarƙari,
ba inda za a jona wuta.

Siririyar ta ɗauka.
Ya rage mata sol arba'in ba ta roƙa ba,
ya ƙara mata da jaka.

Fulgencio mai gyaran firinta ya leƙo ta labule:
“Yau ɗan haya ya kayar da maigida?”
Dattijo bai tanka ba.

Ya kifa tsohuwar, ya kwance noti goma sha huɗu
ya tara su a murfin kwalba.
Ya kankare busasshen man da ya daskare a kan ƙarfe,
ya ɗiga sabo, bai fi ƙwayar shinkafa ba,
ya zaro gashin kyanwar wani daga haƙoran fanka.
Ya mayar da komai mazauninsa, noti ɗaya ya rage,
bai damu ba. Ya danna.

Ashirin da biyu.

Ya rubuta a bayan rasit, ya ja layi a ƙasa.
A waje yayyafin nan ne na Lima
da ba ya cika kwata, sai dai ya shiga ƙashi.
Masu shaguna na jan ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya.
Gidan yarinyar, da ta manta ba ta goge ba,
yana ta juyi a tsohon allo, yana ɗingishi,
shi kuwa ya kai yatsunsa masu sanyin ƙashi
bakin ramin da iskar zafi ke fita,
ya bar su a nan.