Talla Ta Ɗauke Ni

Shekara tara ina ɗaukar talla a ka,
dafaffiyar gyaɗa, daga Bolari har Tashar Dukku.
Yau talla ce ta ɗauke ni.

Tikiti na tsinta a kwalin sabulu,
sai ga ni rataye a cikin ƙaton balan-balan
mai kama da tarwaɗar da ta ƙoshi,
sunan sabulun a haƙarƙarinsa.
Duk Gombe na karantawa, ban da ni.

Tafiya yake kamar mai wucewa gaban surukai.
Tudun Hatsi ta koma faifai,
tireloli ƙwayar wake.
Kwarin da ya cinye katangarmu bara,
daga nan tsaga ce a jikin ƙwarya.

Na gane rufinmu da tsohuwar tayar nan.
Ga Inna Dudu na shanya barkono.
Inuwarmu ta bi ta kanta,
ko ɗagowa ba ta yi ba, ta hau kwashewa,
ta zaci hadari ne.

Na ƙwala mata kira.
Iska ta cinye.

Da na koma gida ta ce,
yau rana ta yi mata wasa da hankali.
Na durƙusa na taya ta sake bazawa.