Saƙo Zuwa ga Maƙeran Kyamara

Ku maƙeran da ke can ƙetaren teku,
an ce baɗi za ku cusa ɗigo miliyan ɗari
cikin ƙwayar ido guda.
Madalla. Amma ku ɗan saurara.
Ni ne Hashiru, mai shago a Sabon Gari,
shekara goma sha tara igiyarku na cin wuyana.

Ba ɗigo ya dame ni ba.
Ku zo Maraɗi da azahar a watan bazara,
ku tsayar da Malam Tsahiru cikin farar shadda
a bakin rumfar masu gyaɗa.
In na ceci rigar, fuska ta faɗa rijiya,
in na ceci fuskar, riga ta ƙone ƙurmus.
Da fatar wa kuka gwada idon nan?
Ku ba ni wanda ya san baƙi iri-iri ne:
akwai na ɗan tsamiya, akwai wankan tarwaɗa,
akwai mai sheƙi kamar randa ta sha ruwa.

Daren sunan 'yar Barira aka ɗauke kuran.
Cocila ɗaya, wayoyi biyu,
mata na ta guɗa a duhu.
Abin da na kai gida,
sai ka ce kaji sun watsa gero a tabarma.
Ina son idon kyanwa,
wanda zai lashi hasken aci-balbal ya ƙoshi.

Ran kokawa kuwa,
gwiwar Na-Zule ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba?
Har yau ana gardama a fada, shayi na hucewa.
Ina tsugunne gab da su,
amma na'urarku ta bar ƙato biyu
ta liƙe wa mai tallar ruwan leda a baya.
Daga nan ta yi zafi, ta rufe ido,
kamar jakin da ya rantse ba ya ƙara taku.

Ku ƙera batir da zai je Tibiri ya kwana.
Ku kashe ƙyas ɗin nan
da ke sa tsoho ya gyara hula, ya ɓoye dariyarsa.
Kuɗin kuma, don Allah,
kada ya kai na fili a Ali Ɗan Tsoho.

Saura ɗaya.
Akwai hoto a aljihuna, gefensa ya tauno.
Inna ce a ƙofar ɗaki, rana na bayanta,
ranar da na fara riƙe kyamara.
Mayafin ya fito, zanen ya fito,
har kaskon turaren da ke gefe ya fito.
Fuskar ce babu.
Na ce gobe zan sake.

Ban san ko maƙerarku ta kai nan ba.
In ba ta kai ba, ba komai,
ku dai gyara don yaron shagona, Ma'azu,
tasa uwar na nan da rai
a Bagalam, tana tankaɗe da rana a bayanta.