Rabin Taki Ƙasa

Tun da likita ya taɓa maƙogwaron Nibaldo
muryarsa ta sauko rabin taki, ta ƙi komawa.
Shekara goma sha tara muna kiɗa mu uku
a mashayar bayan tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
shi da baki, Renán da ganguna, ni da jitar bas.
Yanzu waƙa shida sun fi ƙarfin wuyansa.

Ba zan tsaya gaban jama'a ina murɗa kunnuwan jita ba,
in sassauta tsirkiya huɗu, in sake ɗaure su,
shi kuwa yana tsaye yana kallon takalminsa.
Don haka ran Laraba, ana yayyafi,
na sauko matakala ɗari da sittin daga unguwarmu
na shiga shagon Don Evaristo.

Ya ajiye abu biyu a kan kanta.

Na farko ɗan feda ne ja, bai cika tafin hannuna ba.
Ka taka, sauti ya duƙa. Ka sake takawa, ya miƙe.
Iyakar abin da ya iya ke nan,
kuma bai ji kunyar faɗa ba.

Na biyu akwati ne mai allo kamar wayar salula,
a cikinsa, wai, akwai murya ɗari biyu:
amsa-kuwwar coci, gurnanin tirela, ɗigar ruwa a kogo,
har da saukar da sautin da na zo nema,
yana can shafi na bakwai, layi na uku.
Bambancin kuɗinsu feso dubu ashirin kacal.
"Doña Fresia," in ji shi, "wa ke sayen cokali
alhali ana miƙa masa kicin ɗungurungum?"

Na jona akwatin. Minti arba'in na ɓatar
ina wasa kamar ƙaramar yarinya.
Na mai da jitata jirgin ruwa, na mai da ita kwaɗo,
har yaron shago ya jingine tsintsiya yana dariya.
Sannan na lalubo shafi na bakwai,
na bugi tsirkiya mafi kauri,
wadda ciki ke ji kafin kunne ya ji.
Sautin ya zo, amma ya makara.
Ƙiftawar ido ma ta fi jinkirin tsawo,
sai dai yatsana ya riga ya wuce, shi yana biye
yana rawar ɗari kamar wanda aka tsamo daga teku.
Renán zai ji wannan. Ni ma zan ji, kowane dare.

Jan fedan ma ba waliyyi ba ne,
ya ɗan shafa wa sautin ɗanɗanon ƙarfe,
amma sun iso tare da yatsana, kafaɗa da kafaɗa.

Na tsaya ina lissafi.
Jikata Millaray za ta so akwatin, ta iya latse-latse.
Ni kuwa sai da tabarau nake karanta takardar magani,
ga dandamalinmu duhu, ƙwan fitila ɗaya, shi ma kore.
Na hango kaina na taka ba daidai ba
daidai lokacin da Nibaldo ya kai baitin marigayiya matarsa,
kwaɗo ya amsa masa.

Don Evaristo ya naɗe jan fedan a jarida, bai tanka ba.
Sai a bakin ƙofa ya ce wayar wuta kuɗinta daban.

Daren Juma'a, waƙa ta huɗu,
na sa ƙafa a hankali, ba wanda ya lura.
Nibaldo ya buɗe baki
yana jiran dutsen da ya saba tuntuɓe da shi,
bai same shi ba.
Ya waiwayo ya dube ni. Na dubi tsirkiyoyina.
Renán, munafuki, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Akwatin yana nan a tagar shagon, an rage masa kuɗi.
In na wuce da kifi a jaka nakan ɗan dakata.
Ban yi da-na-sani ba,
kwaɗon nan dai nake kewa.