Taƙi Biyu na Hanji

Daren Laraba ruwa na dukan kwanon rufi a Calbuco,
mahaifina Eliseo ya ture miyar kifinsa gefe.
"Iska ce kawai," in ji shi.
Shekara saba'in da huɗu a duniya,
hamsin daga ciki yana ɗinkin taru a bakin gaɓa,
ban taɓa ganin ya bar loma a kwano ba.

Kafin asuba jikinsa ya zama murhu.
Ciwon kuwa ba shi da adireshi:
yanzu yana gefen cibiya, an jima ya haura hagu,
ka kai hannu, ya sulale.
Na tuƙa shi zuwa Puerto Montt,
hannu ɗaya kan sitiyari, ɗaya kan gwiwarsa.

Likitan farko ya ce gyambon ciki.
Na biyu ya danna dama, ya zargi madaciya.
Aka ɗebi jini:
fararen ƙwayoyi sun yi cincirindo
kamar tsuntsayen teku kan jirgin da ya dawo da kamu.
Sun shaida ana faɗa a gari,
ba su faɗi unguwar ba.

Sai ga likita Maite Oyarzún,
takalminta jiƙe, furfura ɗaya a goshi.
Ta sa aka tura shi cikin zoben na'urar hoto,
ta juyo mini da allo, ta ɗora bakin biro.

"Nan, ƙaramin hanji.
Bango ya saki, ya fitar da 'yan aljihu,
shekara da shekaru suna zaune ba wanda ya sani.
Ɗaya ya tara abin da bai iya zubarwa, ya kumbura.
Mun fi saba ganinsu can ƙasa, a babban hanji.
A nan sama baƙi ne,
shi ya sa suke aron sunan wasu cututtuka."

Aka rufe masa baki: ba ci, ba sha.
Ruwa a jijiya, magani a jijiya,
ni kuma ina ƙirga ɗigo,
ina ɓata lissafi, ina sakewa.
Kwana biyu zazzaɓi ya ja da baya.
Har na fara naɗe bargo.

Dare na uku cikinsa ya sandare kamar katakon jirgi.
Aljihun ya huje.
Na sa hannu a takarda ban karanta ba,
suka wuce da shi, tayar gadon ɗaya na kuka.
Awa uku ina kallon injin shayi
wanda ya haɗiye kuɗina bai ba ni komai ba.

Da ya farka, bai nemi ruwa ba, bai neme ni ba.
Likita ya kalla: "Nawa kika cire?"
"Taƙi biyu. Na haɗa baki da baki."
"Ba faci?"
"Ba faci."
Ya lumshe ido. "Haka ake yi.
Mai liƙa sabon zare a ruɓaɓɓe,
teku ce za ta ba shi amsa."

Daga nan sai jira.
Kullum safe nas Yolanda na leƙowa da tambaya ɗaya,
shi kuma kunya ta sa yana kallon taga,
inda jiragen Chiloé ke shiga hazo.
Rana ta huɗu, ana tsakiyar shiru,
hanjin ya yi magana, ƙasa-ƙasa, doguwa.
Tsohon da ke gadon kusa ya tafa.

"Iska ce kawai," in ji mahaifina,
yana dafe ɗinki kada dariya ta ɓalle shi.

Da yamma aka kawo romo, rabin kofi, ba gishiri.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya ce wanda ya dafa bai taɓa ganin kifi ba.
Ya shanye tas.