Kwana Bakwai a Bakin Tafki

Ran Lahadi, da muka taso daga coci,
na sauko da jaka daga saman kabad.
Kellan na ganin ta ya daina tauna.
Gida huɗu ya zauna kafin namu,
a kowanne jaka ce ta fara yi masa sallama.

Na ce, "Kwana bakwai ne tak, a bakin tafki.
Akwai kwalekwale, akwai yara 'yan riƙo irinka."
Ya ce, "To."
Na san wannan to ɗin,
ƙofa ce aka ja a hankali aka danna sakata.

Arvid ya tuƙa mu, muka wuce Duluth muka yi arewa,
inda itatuwa ke tsaye kafaɗa da kafaɗa,
ganyensu kamar allura.
Barewa ta gifta, yaron bai duba ba.
Leɓɓansa na motsi, na ɗauka addu'a ce.
Ashe ni ina lissafin kwanan kwanciya,
shi yana lissafin kwanar hanya:
hagu a gidan mai, dama a jar rumfa,
ko da za a bar shi, ya san ta inda zai komo da ƙafa.

A sansanin, wata budurwa, Solveig,
ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasa.
Ba ta taɓa shi ba. An koya mata.
Gicciyen katako na tsaye a kan tudu,
wani ya shanya jiƙaƙƙen tawul a hannunsa ɗaya.

Muka juyo.
Ya Ubangiji, ka ga abin da ban faɗa wa kowa ba:
na ji daɗi.
Wata goma sha ɗaya ina barci da kunne ɗaya a buɗe,
ina jiran ihun ƙarfe ukun dare,
ina share fasassun faranti ina cewa ba komai.
Daren nan na kwanta kamar dutsen da aka jefa rijiya.
Da safe kunya ta riga ni tashi.

Fasto Lindqvist ta ce da ni,
"Marlys, har Yesu ya kan janye ya hau dutse shi kaɗai.
Tulun da ba a kai rafi ba, me zai ba mai ƙishi?"
Na ce na ji. Ban ji ba, sai ran Laraba,
da na zauna na sha shayi tun yana da zafi,
har ƙasan kofi.

Ran Alhamis na ɗaga katifarsa zan sauya zane.
Burodi yanka shida, ya bushe,
da rabin tuffa a cikin safa.
Na daɗe a tsaye.
Na kwashe, na je kicin na yanko sabo,
na mayar inda na same shi.

Asabar, ƙarfe goma aka ce.
Tara da rabi muna ƙofa.
Yana zaune a kan jakarsa, fuska duk cizon sauro,
gwiwa ɗaya da filasta.
Solveig ta raɗa mini: bai taɓa kwance kayan ba,
amma ya kama kifi, ya yi dariya sau biyu,
ran Juma'a ma shi ya ɗaga waƙa a bakin wuta.

Bai rugo ba. Ban sa rai ba.
Ya dube ni sama da ƙasa kamar mai duba canji,
ya ce, "Kin aske gashi."
Na ce, "Kaɗan."
Ya ce, "An ba kare abinci?"

A mota na zuba masa ido ta madubi.
Jar rumfa ta zo, leɓɓansa na motsi.
Gidan mai ya zo,
Arvid ya taɓa hannuna, ya rage rediyo.
Kan yaron ya jingina da gilashi,
bakinsa a buɗe,
hanya na ta wucewa ba mai ƙirga ta.