Sarkin Ƙasar Ƙanƙara

Ni Jatau, mai gadin sito a Apapa.
Dare ya raba, iska na ɗauke da ƙarnin kifi
wanda jirgi ya sauke daga ƙasar ƙanƙara.

Wani matuƙi mai jan gemu
ya sha shayina, ya biya ni da labari,
guntun Turancinsa na jan nawa:
wai can garinsu, shekaru ɗari tara baya,
an naɗa yaro sarki yana ɗan sha biyu,
kawunsa na riƙe masa takobi, yana auna wuyansa.

Ya tsira. Ya sassaƙa jirage sittin,
ya karɓi harajin kifi da gashin tumaki,
ya gina coci da duwatsun da ya ƙwato.
'Ya'yansa uku kuwa
suka yayyanka ƙasar kamar tsire
tun tsoho bai rufe ido ba.

Na ce, “Ina kabarinsa?”
Ya ɗaga kafaɗa: “Teku ta cinye.”

Da asuba tireloli suka fara tari a kan gada.
Na tuna gonar babanmu a Gumel,
mu huɗu, shekara shida ba ko gaisuwa.
Na sayi katin ɗari biyu,
na kira Yaya Barau.
Tana ta ringin.